Me ya haɗa homon da ƙoda da gishiri?

"Likita, barka da aiki. Shekaruna 44, kuma shekara shida ke nan ina fama da hawan jini. Magani kala uku nake sha kullum: amlodifin, lisinofuril, da wani mai sa fitsari. Na rage gishiri iya ƙoƙarina, amma duk lokacin da aka auna ni sai a ga 160 bisa 100 ko kusa da haka. Da dare ina tashi fitsari sau uku ko huɗu, ƙafafuna kuma ba su da ƙarfi kamar da. An yi min gwajin jini, an ce ƙodata lafiya lau, sodiyam 143, fotasiyam 3.0. Likitan da ya duba ni ya ce yana so a auna wani homon. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, me ya haɗa homon da ƙoda? Kuma tunda an ce gishirin jinina daidai yake, me ya sa ake ta ce min in rage gishiri?"

Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara lafiya. Tambayoyi biyu ka yi, amma tushensu ɗaya ne. Kana so ka san yadda aka yi ƙodar da aka ce lafiyarta ƙalau take da hannu a hawan jininka, kana kuma so ka san abin da lambar 143 take faɗa game da gishirin jikinka. Zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko: likitanka ya kama hanya mai kyau, kuma da ni ka zo wa da wannan takardar gwaji, abin da zan nema ke nan. Amma don ka je wurin gwajin da sanin abin da ake nema, bari mu bi maganar daga tushe.

Aikin da ƙoda take yi a yini ɗaya

Kowace ƙoda tana ɗauke da 'yan ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya, waɗanda ake kira nefuron. Kowanne yana da kai mai kama da rariya, inda ruwan jini yake tsiyayowa, sai kuma doguwar siririyar hanya mai lanƙwasa da ruwan yake bi kafin ya zama fitsari. A cikin awa 24, ƙodojin baligi suna tace ruwa kimanin lita 180. Fitsarin da yake fita kuwa bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Saura duk an mayar da shi cikin jini a kan hanya.

Gishirin da yake cikin wancan lita 180 ya kai kusan kilo ɗaya da rabi. Ka ji da kyau, kilo ɗaya da rabi, kullum. Da ƙoda za ta bar ko da kashi biyar cikin ɗari na wannan ya zube, mutum ba zai kai gobe a tsaye ba. Don haka tana dawo da fiye da kashi 99 cikin ɗari. Sashen farko na hanyar yana kwashe kusan kashi 65, lanƙwasar da ake kira ta Henle tana ɗauke kamar kashi 25, sashen da ke biye yana ɗaukar kamar kashi 5, sai ɗan ragowar ya isa bututun ƙarshe. A wannan ɗan ragowar ne ake yanke hukunci: a riƙe ko a zubar.

To, ƙoda ba ta gani, ba ta kuma san abin da ka ci ko ka sha ba. Ba ta san ko ka yi gumi, ko ka zubar da jini, ko gudawa ta kama ka ba. Sai an aiko mata da saƙo. Homon shi ne wannan saƙon: sinadari ne da wata gaɓa take zubawa cikin jini, ya yi tafiya, ya isa wata gaɓar ya ce mata yi kaza. Gwajin da aka yi maka aka ce ƙoda lafiya, kiriyatinin aka auna, wanda yake nuna ko rariyar tana tacewa da kyau. Bai ce komai ba game da irin umarnin da ƙodar take karɓa. Ƙoda mai cikakkiyar lafiya tana iya cutar da mai ita idan umarnin da ke zuwa mata gurɓatacce ne, domin ita biyayya kawai take yi.

Abin da lambar 143 take nufi

A nan ne mutane da yawa suke rikicewa, har da ɗaliban likitanci a shekarunsu na farko. Gwajin sodiyam, wato sinadarin gishiri da ake aunawa a jini, ba ya auna yawan gishirin da ke jikinka. Yana auna kaurinsa ne, wato gishiri nawa ne a cikin kowace lita ta ruwan jini. Daidai shi ne tsakanin 135 da 145. Ka ɗauki kofi ɗaya na ruwa ka zuba gishiri cokali ɗaya, ka ɗauki bokiti mai cin kofi ashirin ka zuba cokali ashirin. Ɗanɗanonsu ɗaya ne, amma gishirin bokitin ya ninka na kofin sau ashirin. Gwajin sodiyam ɗanɗanon yake faɗa. Girman bokitin kuwa ba ya gani.

Jiki yana matuƙar kishin wannan ɗanɗano, domin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna kumbura ko su motse idan ya sauya. Saboda haka duk lokacin da gishiri ya ƙaru a jiki, sai jikin ya nemo ruwan da zai tsarma shi. Duk giram takwas zuwa tara na gishiri da ya zauna, yana zaunar da ruwa kusan lita guda tare da shi. Shi ya sa ma ruwan gishirin da muke ƙara wa marasa lafiya a asibiti yake da giram 9 a kowace lita. Lambar tana nan a 143, amma bokitin ya girma, jijiyoyin jini sun cika, awon jini ya hau. Amsar tambayarka ta biyu ke nan.

Mai tsaron wannan ɗanɗano homon ne da ake kira basofuresin. A wani sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa ake ƙera shi, a ajiye shi a bayan wani ɗan ƙullutu mai suna fitutari. Idan kaurin jini ya ƙaru da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari kacal, sai a sake shi, a lokaci guda kuma ƙishirwa ta taso. Yana isa bututun ƙarshe na ƙoda sai ya sa a buɗe wasu ƙofofin ruwa a bangon bututun, ruwa ya koma jini, fitsari ya fito kaɗan mai duhu. Waɗannan ƙofofi su ne akuwaforin, kuma Peter Agre na Amurka ya sami kyautar Nobel a 2003 saboda gano su. Idan babu basofuresin, ƙofofin a rufe suke, mutum yana iya fitsarin lita goma sha biyar a yini. Idan kuma ya yi yawa ba bisa dalili ba, ruwa ya taru, sodiyam ya faɗi.

Ba na mantawa da wata dattijuwa da 'ya'yanta suka kawo mana tana sambatu, ba ta gane kowa, sati biyu bayan an fara ba ta maganin sa fitsari. Sodiyam ɗinta ya sauka ƙasa da 120. Babban ɗanta ya tsaya a bakin gado yana roƙo a ba ta gishiri da yawa a huta. Na zaunar da shi na yi masa bayanin kofi da bokiti, na ce masa ruwa ne ya rinjayi gishirin, kuma idan muka ɗaga lambar da gaggawa za mu iya yi wa ƙwaƙwalwarta illar da ba ta gyaruwa. Ƙa'idarmu ita ce kada a wuce maki takwas zuwa goma a awa 24. Muka tsayar da maganin, muka riƙa ɗibar jini duk bayan 'yan awoyi. A rana ta huɗu ta buɗe ido ta kira jikarta da sunanta. Na kawo labarinta ne don ka ga cewa lissafin ruwa daban, lissafin gishiri daban, kowanne da masu tsaronsa.

Sarƙar da take riƙe gishiri

Masu tsaron gishiri kuwa, daga cikin ƙodar kanta suke farawa. A bakin kowace rariya akwai wasu ƙwayoyi da suke jin ƙarfin jinin da ke shigowa, kusa da su kuma akwai wasu da suke ɗanɗana gishirin ruwan da ke wucewa a bututu. Idan ƙarfin jinin ya ragu, ko gishirin ya yi kaɗan, ko jijiyoyin da ke ɗauko saƙon firgita daga ƙwaƙwalwa suka motsa, sai su saki wani sinadari mai suna renin. Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman ne suka gano shi a Suwidin a 1898, lokacin da suka yi wa zomaye allurar ruwan da suka tatso daga ƙoda suka ga jininsu ya hau. Sai aka yi watsi da maganar shekaru masu yawa, har zuwa 1934 da Harry Goldblatt ya matse jijiyar da ke kai jini ƙodar karnuka, ya nuna cewa hakan kaɗai yana jawo hawan jini mai ɗorewa.

Renin da kansa ba ya ɗaga jini. Almakashi ne. Yana yanka wani furotin da hanta take zubawa cikin jini, ya fitar da anjiyotensin na ɗaya, wanda shi ma ba shi da wani ƙarfi. Wannan yana ratsa huhu sai wani sinadarin ya sake datse masa wutsiya, ya zama anjiyotensin na biyu. Shi ne mai aikin. Yana matse jijiyoyin jini a ko'ina. Yana matse jijiyar da take fita daga rariyar ƙoda fiye da mai shiga, don tacewa ta ci gaba ko da jini ya yi ƙasa. Yana sa sashen farko na bututu ya ƙara kwasar gishiri. Yana tayar da ƙishirwa. Sannan yana aika saƙo zuwa wani ɗan ƙullutu da ke zaune a saman kowace ƙoda, wanda ake kira adirenal, ya ce masa saki aldosteron.

Lisinofuril ɗin da kake sha, datsewar nan ta biyu yake hanawa. Asalin irin waɗannan magunguna daga dafin wani maciji na Burazil ne, wanda aka lura cewa saransa yana sa jini ya faɗi warwas. Daga binciken dafin aka ƙera kaftofuril, aka amince da shi a Amurka a 1981. Irin su losatan kuwa suna barin anjiyotensin ya samu, amma su toshe masa ƙofar shiga.

Yanzu ga aldosteron, wanda nake zaton shi likitanka yake so a auna. Sylvia Simpson da James Tait ne suka ware shi a Landan a 1953 tare da abokan aikinsu na Suwizalan. Aikinsa a bututun ƙarshe yake, a kan ɗan ragowar gishirin nan da bai wuce kashi biyu zuwa uku cikin ɗari ba. Kada ƙanƙantar kason ta yaudare ka. Kashi biyu cikin ɗari na kilo ɗaya da rabi giram 30 ne, wato ya ninka abin da mutum yake ci a yini. Duk wanda yake riƙe da wannan kaso, shi yake riƙe da girman bokitin. Kuma aldosteron musaya yake yi: yana buɗe ƙofofin da sodiyam zai koma jini, a madadinsa ya tura fotasiyam, wani sinadarin jini da tsoka da zuciya suke buƙata, cikin fitsari. Ka riƙe wannan musayar, domin ita ce bakin zaren maganarka.

A halin lafiya wannan sarƙa rahama ce. Wanda ya zubar da jini a haɗari, ko yaron da amai da gudawa suka tsotse, da ita yake rayuwa har a kai shi asibiti. Kuma tana da burki. Idan gishiri da ruwa suka wadata, renin yana yin shiru, aldosteron ya sauka. Ita ma zuciya tana da ta cewa: idan jini ya cika ɗakunanta na sama har bangonsu ya miƙe, tana sakin wani homon nata da yake sa ƙoda ta zubar da gishiri. Adolfo de Bold ne ya gano shi a Kanada a 1981, bayan ya yi wa ɓeraye allurar ruwan tsokar zuciya ya ga fitsari yana kwarara da gishiri a cikinsa. Kafin wannan lokacin ana ɗaukar zuciya famfo ce kawai.

Idan aldosteron ya daina jin magana

Wani lokaci adirenal yakan riƙa zuba aldosteron ba tare da kowa ya umarce shi ba. Ko dai wani ɗan tsiro ya fito a gefe ɗaya, wanda kusan kullum ba na daji ba ne, ko kuma ɓangarorin biyu duka sun yi kauri suna aiki fiye da kima. Na biyun ya fi yawa, kamar biyu cikin uku. Jerome Conn na Jami'ar Mishigan ne ya bayyana cutar a 1955, a kan wata mata mai hawan jini da raunin tsoka da ƙarancin fotasiyam, wadda ta warke bayan an cire mata tsiron.

Ka duba yadda wannan yake haɗa abubuwan da ka lissafa. Ƙoda tana riƙe gishiri, ruwa ya biyo shi, jini ya hau. Fotasiyam yana zuba, tsoka ta yi rauni, wani ya riƙa jin murɗewar ƙafa ko bugun zuciya ba daidai ba. Ƙarancin fotasiyam idan ya daɗe yana sa bututun ƙarshe ya daina jin kiran basofuresin yadda ya kamata, sai fitsari ya yawaita, musamman da dare. Sodiyam yakan zauna a saman iyakar daidai, irin 143 ɗin nan naka. Ƙafa kuma ba ta cika kumbura ba, saboda homon na zuciya da ƙarfin jinin da ya hau suna tilasta wa ƙoda ta zubar da wani ɓangare na gishirin, sai a tsaya a wani matsayi: ba kumburi, amma jini a sama. Renin kuwa, da ya ga jijiyoyi a cike, sai ya yi tsit. A nan gizo yake saƙar. Lisinofuril yana datse sarƙar da renin yake farawa, to idan renin ɗin yana barci, aldosteron kuma yana fita da kansa, maganin ya rasa abin kamawa.

A da an koya mana cewa cutar nan ba kasafai ake samunta ba. Yanzu an san tana cikin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu hawan jini, kuma a cikin waɗanda magani uku ya kasa sauko da nasu tana kaiwa kusan ɗaya cikin biyar. Fiye da rabin masu ita fotasiyam ɗinsu daidai yake, shi ya sa ake wuce su. Abin da ya fi damuna shi ne, yawan aldosteron yana yi wa zuciya da jijiyoyi da ƙoda ɓarna ta kansa, fiye da wadda awon jinin kaɗai zai yi. Mutum biyu masu awo iri ɗaya, mai wannan cuta ya fi fuskantar shanyewar ɓarin jiki da rikicewar bugun zuciya.

Ni kaina na taɓa wuce ta, kuma abin yana raina har yau. Wani magidanci ne da na yi kusan shekara biyu ina gani. Duk zuwa sai in ƙara magani, in tambaye shi ko yana sha a kan lokaci, ya ce yana sha. Fotasiyam ɗinsa ya sauka sau biyu, na ɗora laifin a kan maganin sa fitsari, na rubuta masa ƙwayar fotasiyam na sallame shi. Wata rana na ga ya dafa teburina da hannu biyu kafin ya iya miƙewa daga kujera, mutumin da bai kai hamsin ba. Ya ce min hawa bene ya fara gagararsa. Ranar na rubuta gwajin. Renin ɗinsa ya yi ƙasan da na'ura da ƙyar ta gan shi, aldosteron kuwa a sama. Hoto ya nuna ɗan tsiro a adirenal na hagu, bai kai girman ƙwayar ido ba. Bayan tiyata fotasiyam ya dawo daidai ba tare da ƙwaya ba, magani huɗu ya koma ɗaya. Shekara biyun nan da na ɓata masa su ne suka sa yanzu ba na jiran alama ta uku.

Sai dai gaskiya ce in faɗa maka cewa akwai wasu bayanan. Maganin sa fitsari irin wanda kake sha shi ne ya fi kowane abu yawan jawo ƙarancin fotasiyam, kuma mai yiwuwa shi kaɗai ne. Abin da ya sa ban tsaya a nan ba shi ne kana shan lisinofuril, wanda ɗaga fotasiyam yake yi, amma duk da haka naka ya sauka har 3.0, alhali daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0. Akwai kuma tsukewar jijiyar ƙoda, irin ta karnukan Goldblatt, inda renin da aldosteron duka suke sama. Akwai yawan kotizol, homon ɗin da idan ya yi yawa yake shiga ƙofar aldosteron ya yi aikinsa, ko daga jiki ya fito ko daga magungunan sitiroyid da aka daɗe ana sha. Akwai cutar Liddle ta gado, inda ƙofar sodiyam take zama a buɗe ba tare da homon ba, renin da aldosteron duka a ƙasa. Akwai ɗaukewar numfashi a cikin barci ga masu minshari mai ƙarfi. Mutane da yawa, musamman baƙar fata da tsofaffi, suna da ƙarancin renin da saurin jin gishiri ba tare da wani tsiro ba. Gwajin ne zai raba gardama.

Akasin wannan cuta ma yana nan, wadda Thomas Addison ya bayyana a Landan a 1855: adirenal ya lalace, gishiri ya riƙa zuba, jini ya faɗi, fotasiyam ya hau, fata ta yi duhu, mutum ya riƙa kwaɗayin gishiri. Insulin ma yana sa ƙoda ta riƙe gishiri, wanda yana cikin dalilan da ƙiba da ciwon suga suke tafiya tare da hawan jini. Amma waɗannan ba su ne maganarka ba.

Yadda gwajin yake, da abin da zai biyo baya

Ana auna aldosteron da renin a jini ɗaya, a duba yadda ɗaya ya rinjayi ɗaya. Gwaji ne mai saurin ruɗi idan ba a shirya masa ba. A fara gyara fotasiyam tukuna, domin ƙarancinsa yana danne aldosteron har ya ɓoye cutar. Da safe ake ɗibar jinin, bayan ka yi kamar awa biyu da tashi, ka zauna 'yan mintoci. A kwanakin da ke gabanin gwajin ba a son ka matsa wa kanka da ƙin gishiri, saboda hakan yana tayar da renin ya rufe gaskiya. Magunguna ma suna taɓa sakamakon: lisinofuril da masu sa fitsari suna iya sa cutar ta ɓuya, magungunan hawan jini irin su atenolol suna iya sa a zaci tana nan alhali babu, sifironolakton kuwa, maganin da yake toshe aldosteron, sai an ajiye shi aƙalla sati huɗu. Don Allah kada ka tsayar da ko ɗaya da kanka. Likitanka ne zai ga ko a sauya su na ɗan lokaci, ko a yi gwajin a haka a fassara shi da sanin abin da kake sha. Idan renin ya fito a ƙasa duk da lisinofuril da maganin fitsari, wannan ma hujja ce mai ƙarfi.

Idan gwajin ya nuna alama, yawanci akan tabbatar da wani na biyu, sannan a ɗauki hoton adirenal. Hoto kaɗai ba ya isa a yanke hukuncin tiyata ga mai shekarunka, domin mutane da yawa suna da ɗan ƙullutu a wurin da ba ya yin komai. Hanya mafi tabbaci ita ce a zura siririn bututu a ɗebi jini daga jijiyar kowane adirenal, a ga wanne ne yake zubawa. Ba kowane asibiti ne yake iya wannan ba. Idan gefe ɗaya ne, ana cire shi ta ƙananan huji a ciki. Fotasiyam yana gyaruwa kusan ga kowa, jini yana sauka ga mafi yawa, amma waɗanda suke rabuwa da magani gaba ɗaya kamar kashi ɗaya cikin uku ne zuwa rabi. Wanda ya daɗe da cutar ba a gano ba, jijiyoyinsa sun riga sun yi tauri.

Idan gefe biyu ne, ko tiyata ba za ta yiwu ba, akwai sifironolakton, wanda yake toshe wa aldosteron ƙofa. Tsohon magani ne mai aiki sosai. Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2015 ya nuna cewa ga waɗanda magani uku ya gaza, shi ne ya fi sauran da aka gwada sauko da jini idan aka ƙara shi na huɗu. Illarsa ga maza ita ce yana iya sa nono ya yi ciwo ko ya kumbura, ya kuma rage sha'awa. Ina faɗa wa majinyatana wannan tun kafin su fara, domin na ga waɗanda suka ajiye shi a ɓoye saboda kunya. Akwai efilerenon da bai cika yin haka ba. Duk wanda aka fara, sai an sake auna fotasiyam da kiriyatinin bayan sati ɗaya zuwa biyu, balle ga mai shan lisinofuril, domin haɗuwarsu tana iya ɗaga fotasiyam ya wuce iyaka, kuma wannan yana da haɗari ga zuciya kamar ƙarancinsa.

Maganar gishiri kuwa, bayan gwajin ka ci gaba da ragewa. Aldosteron ba ya iya riƙe abin da ba a ba shi ba, kuma yawan gishirin da ke isa bututun ƙarshe shi ne yake ƙara zubar fotasiyam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda, alhali matsakaicin abin da mutane suke ci ya haura giram 10. Wani ɓangarensa ba a gani, yana cikin abin da aka riga aka sarrafa. Idan ana so a san ainihin abin da kake ci, fitsarin awa 24 ake tarawa a auna sodiyam ɗinsa, domin abin da ya shiga shi yake fita.

Abu biyu zan roƙe ka ka kiyaye tun yau. Kada ka sayi ƙwayar fotasiyam ko gishirin da aka musanya da fotasiyam ka fara da kanka. Sannan ka nisanci magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak. Suna hana ƙoda yin wani sinadari da yake buɗe jijiyar da ke shiga rariya. Lisinofuril ya riga ya sassauta mai fita, maganin fitsari ya rage ruwa, idan aka ƙara tsuke mai shiga sai tacewa ta faɗi. Na sha karɓar waɗanda haɗin nan uku ya kwantar da ƙodarsu cikin 'yan kwanaki, musamman idan amai ko gudawa ya shigo.

Ban auna ka ba, ban ga sauran takardunka ba, don haka abin da na faɗa ba zai maye gurbin hukuncin likitan da yake ganinka ba. Amma fotasiyam 3.0 ba abin da za a bari sai wata mai zuwa ba ne. Ka koma cikin satin nan, ka ɗauki duk abin da kake sha a leda ɗaya, har da na ciwon kai da wanda wani ya ba ka, ka kuma riƙa auna jininka safe da yamma kana rubutawa ka kai masa. Idan kafin ranar ka ji zuciya tana bugawa ba daidai ba, ko ƙafafu sun ƙi ɗaukarka, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ka tafi asibiti a lokacin. Allah ya ba ka lafiya, Malam.